Man CBD, Alewa da Biskit Masu Haɗin Wiwi: Abin da Mai Shago da Mai Saye a Kaduna Za Su Yi, Mataki-mataki

Wata Hajiya maƙwabciyarmu, mai shagon kayan gyaran jiki da magungunan ƙara lafiya, ta aika a kira ni wani yammaci bayan la'asar. Ina zama ta ɗora mini wani ɗan kwali a cinya. Ƙanenta ne da ke Amurka ya aiko ta hannun wani mai dawowa gida. A ciki akwai ƙananan kwalabe na wani mai da ake ɗigawa a ƙarƙashin harshe, da robobin alewa mai taushi kala-kala. Ya ce mata a can kamar ruwa ake saye, yana sa barci, yana kwantar da ciwon gwiwa.

Ta ce, "Ɗan nan, karanta mini turancin nan. Na ga hoton ganye kamar na rama."

Na ce, "Hajiya, wannan ba rama ba ce. Kin sayar wa wani?"

Ba ta sayar ba tukuna, Allah Ya taimake ta. Abin da na gaya mata a ranar shi na faɗaɗa a nan, domin irin wannan kaya yanzu ba sai an je Abuja ko Legas ba. Yana shigowa Kaduna ta jakar matafiya, ta odar intanet, ta masu talla a WhatsApp da Instagram, kuma yawancin waɗanda yake faɗawa hannunsu ba 'yan shaye-shaye ba ne. Mata ne masu neman na kansu, da masu kemis, da dattawa masu ciwon gaɓoɓi. Magana ɗaya ce ginshiƙin komai: halaccin da aka buga a jikin kwalba na ƙasar da aka yi ta ne. Da zarar kayan sun sauka a Najeriya, dokar Najeriya ce ke magana.

Mataki na farko: karanta kafin ka karɓa

Ba sunan kaya ake dubawa ba, jerin abubuwan da aka haɗa shi da su ake dubawa, wato ƙananan rubutun nan na bayan kwalba da kowa ke tsallakewa. Ba za ka taɓa ganin an rubuta "wiwi" ba. Abin da za ka gani shi ne "hemp", ko "cannabis sativa", ko "CBD", ko "cannabidiol", ko "THC", ko "delta-8", ko "full spectrum". Kowace daga cikin kalmomin nan ka gani, to shuka ɗaya ake nufi, ita ce dai tabar wiwin da ka sani.

Yana da kyau ka san bambancinsu, ko don kada mai talla ya ruɗe ka da turanci. THC shi ne sinadarin da ke bugarwa. CBD wani sinadari ne daban a cikin shukar, shi ba ya sa maye, kuma shi ake tallatawa da sunan maganin barci da ciwo da fargaba. "Hemp" suna ne da Turawa suka ba irin wiwin da THC ɗinsa bai taka kara ya karya ba, wanda ake nomawa don zare da iri da mai. "Full spectrum" kuwa yana nufin an tatso duk abin da ke cikin shukar, har da ɗan THC. Akwai kuma man iri zalla, wanda ake matsewa daga 'ya'yan shukar kamar yadda muke matse man riɗi, ana sa shi a abinci da man shafawa.

Kuskuren Hajiya ma ba abin dariya ba ne. Ganyen wata irin rama yana da yatsu kamar na wiwi, har masana tsirrai suka raɗa mata suna Hibiscus cannabinus saboda wannan kamannin. Amma rama dangin zoɓo ce da kuɓewa, babu abin da ya haɗa ta da wiwi, babu kuma dokar da ta hana kwaɗonta.

Idan kaya ba shi da jerin abubuwan haɗi, ko babu sunan kamfani da adireshinsa, ko babu ranar ƙarewar aiki, to ka ajiye shi tun a nan, ko da wiwi ko babu.

Mataki na biyu: tambayi kanka, dokar wace ƙasa ce a jikin kwalbar?

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe.

A jikin kwalaben Hajiya an rubuta cewa THC ɗin ciki bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba, saboda haka kayan halal ne a doka. Wannan adadi daga dokar noma ta Amurka ta 2018 ya fito, wadda ta raba "hemp" da wiwi bisa wannan ma'auni. Sai dai ko a can ɗin ma maganar ba ta kai yadda masu talla ke zuzutawa ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da tsabar irin "hemp" da man irin da garin furotin ɗinsa a matsayin abinci a ƙarshen 2018, amma ta ƙi yarda a zuba CBD a abinci ko a sayar da shi da sunan sofliment, wato maganin ƙara lafiya. Dalilinta shi ne CBD ya riga ya zama sinadarin wani magani da ta amince da shi a 2018, Epidiolex, na wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani. A Janairun 2023 ta fito fili ta ce ƙa'idojinta na abinci da sofliment ba su dace da CBD ba, sai majalisarsu ta yi sabon tsari.

A Ingila ana sayar da shi a kanti, amma a Oktoban 2023 hukumar abincinsu ta rage abin da take ba babban mutum shawarar sha a rana daga miligiram 70 zuwa miligiram 10. Kanada, wadda ta halatta wiwi a 2018, ta ƙayyade THC miligiram 10 a kowane ƙunshi na abinci mai haɗin wiwi. Afirka ta Kudu ta fitar da sanarwar hana abinci mai wiwi a Maris na 2025, 'yan kasuwa suka yi caa, cikin 'yan makonni aka janye. Gana ta buɗe ƙofar noman irin mai kashi 0.3 don masana'antu da magani, shi ma da lasisi. Ka ga ke nan kowace ƙasa da nata mudun.

To mu fa? Dokar tabar wiwi ta 1966, wadda gwamnatin soja ta kafa kuma har yau tana cikin kundin dokokinmu, ba ta san wani kashi 0.3 ba. Ta fassara wiwi da cewa duk wata shuka ko wani ɓangare na shuka daga dangin kanabis, da ƙaron da aka tatso daga gare ta, ɗanye ko tacacce, da duk wani haɗi da ke ɗauke da wannan ƙaro, ko da wane suna aka kira shi. Ka lura da wannan jimla ta ƙarshe. Kamar tun a lokacin sun hango ranar da za a sa wa abin riga da hula a kira shi alewa. A farkonta dokar har hukuncin kisa ta tanada ga mai noma, kafin a sassauta a 1975.

Sannan ga dokar da ta kafa hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, a 1989. Ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya shigo da irin waɗannan kaya ko ya sarrafa ko ya sayar ba tare da izinin hukuma ba, da ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da su a hannunsa yana sane. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron waɗannan shari'u, kuma akwai ta nan Kaduna. Alƙalai kan yanke ƙasa da haka a ƙananan laifuka, amma ko wata uku ne a tsare, mai shago ya san abin da hakan zai yi wa jarinsa da sunansa a unguwa.

Za ka ji masu talla na cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta halatta wiwi. Abin da ya faru shi ne, a Disamban 2020 kwamitinta na miyagun ƙwayoyi ya cire wiwi daga rukunin da ya fi kowanne tsanani a yarjejeniyar 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25. Yana nan a cikin rukunin abubuwan da ake sa wa ido, kuma Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙi amincewa. Za ka kuma ji an ce ana gab da halattawa a nan gida. Gaskiya ne marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi ta kiran a bari a noma don magani da fitarwa waje tun 2019, an kuma kai ƙudurori Majalisar Wakilai, amma ƙuduri ba doka ba ne. NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa, wanda ya karɓi ragama a 2021, ta tsaya a kan ƙin halatta amfani da shi a cikin gida. Tana kafa hujja da binciken 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka, wanda ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6.

A ganina akwai gyara a dokar da ta haɗa man iri da naɗin taba a kwando ɗaya. Amma wannan muhawara ce ta zauren majalisa, ba ta bakin shagonka ba ranar da jami'ai suka tsaya da mota.

Mataki na uku: bi sawun lambar NAFDAC

Duk abinci na kwali ko kwalba, da magani, da sofliment, da man shafawa, sai hukumar NAFDAC ta yi masa rajista kafin a shigo da shi, a tallata, ko a sayar. Wannan doka ce tun 1993, shekarar da aka kafa hukumar. Ba ta ware kayan da ɗan'uwa ya aiko ba, ba ta ware wanda ake sayarwa a sitatus ɗin waya ba.

Ganin lamba a jikin kwali bai isa ba, don buga lamba ba wuya gare shi ba. Ka shiga shafin hukumar na Greenbook ko na rajista mai suna NAPAMS, ka rubuta lambar. Abu uku za ka gwada: sunan kayan, sunan kamfanin, da ko rajistar tana nan da ranta. Sau da yawa lambar ta gaske ce, amma ta wani kaya ce daban aka ara. Idan intanet ta gagara, ɗauki kwalin da babu komai ciki, ko hotonsa, ka je ofishin hukumar. Mu a Kaduna mun yi sa'a, har ɗakin gwaje-gwajenta muke da shi a gari.

Ka kuma lura da harafin L a ƙarshen lambar magungunan gargajiya. Ma'anarsa an gwada an ga ba ya cutarwa, an ba shi izini na shekara biyu, amma ba a tabbatar yana warkar da abin da aka ce yana warkarwa ba. Shi ya sa ake tilasta rubuta cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba. Cikakkiyar rajista ita ce ta shekara biyar. Wannan ya shafi duk masu shagon magungunan Musulunci da na gargajiya, daga Kasuwar Barci har Kawo, ko da ba su taɓa ganin kwalbar CBD ba.

Mataki na huɗu: idan kai ne mai niyyar shigo da kaya ko sarrafawa

Hanyar rajistar sofliment sananniya ce. Ka yi wa kamfaninka rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka yi rajistar tambarin kayanka, ka buɗe asusu a NAPAMS. Idan daga waje ne, kana buƙatar takardar wakilci daga kamfanin da ya yi kayan, da shaidar cewa ana sayar da su a ƙasarsu, da takardar sakamakon gwaji, sannan izinin shigo da samfur. Daga nan sai duba ma'aikata, gwaji a ɗakin hukumar, da tantance rubutun jikin kwali. Talla ma tana da nata izinin daban.

Amma idan a cikin haɗin akwai ko ɗigon abin da ya fito daga wiwi, har man irin, kada ka biya ko sisi ga kamfanin waje kafin ka yi abu ɗaya: rubuta wasiƙa zuwa NAFDAC, sashenta mai kula da ƙwayoyi masu sa maye da waɗanda aka taƙaita, ka bayyana kayan dalla-dalla, ka nemi amsa a rubuce. Ka aika kwafi ga NDLEA. Kada ka haɗa da samfur, don shi kansa samfurin shigo da kaya ne. Amsar baka, ko ta wani "na san wani a ciki", ba za ta tsaya maka a gaban alƙali ba. Haka ejan ɗin da ya ce zai fitar maka da kaya daga hannun kwastan cikin ruwan sanyi, ka tuna sunanka ne a kan takardar, ba nasa ba.

Mai kemis kuma yana da ƙarin abin asara. Lasisinsa daga majalisar kula da harhaɗa magunguna, PCN, ya iyakance masa irin maganin da zai ajiye. Kwalba ɗaya a kan kanta tana iya jawo a rufe shagon da aka shekara goma ana ginawa.

Mataki na biyar: kayan sun riga sun shigo hannunka

Sauke su daga kanta yanzu. Goge tallar da ka ɗora. Kada ka sayar don ka mayar da kuɗinka, kada ka yi kyauta da su, kada kuma ka ba direban tasha ya mayar wa wanda ya aiko, domin ka mai da kanka mai safara, ka kuma jefa bawan Allah cikin abin da bai ji ba bai gani ba. Adana rasit, da webil, da duk saƙonnin da kuka yi da mai kawowa. Sannan ka ga lauya, shi zai rubuta ya kuma raka ka a miƙa kayan ga hukuma, a ba ka shaidar karɓa a rubuce. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce ke buƙatar igiya da mutane.

Mataki na shida: wanda ba shi da kwali sam

Duk abin da na faɗa a sama na kayan kamfani ne. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na gida, wanda ba shi da lamba balle jerin haɗi: kek da biskit da cincin da aka kwaɓa da wiwi, da lemon da matasa ke kira sikuci, wanda akan haɗa da zoɓo a zuba wiwi, wani lokaci har da kodin ko tiramadol. A 2021 NDLEA ta kama masu sayar da irin wannan biskit a Abuja, har da zargin sayar wa 'yan makaranta. Tsakanin Abuja da Kaduna kuwa tafiyar jirgin ƙasa ce ta awa biyu da 'yan kai.

Haɗarin cin wiwi ya bambanta da na zuƙa. Mai zuƙa nan take yake ji. Wanda ya ci, sai bayan minti 30 har zuwa awa biyu abin ke tashi, don haka yakan ƙara na biyu da na uku yana cewa ba ya aiki, sannan duka su rufto masa lokaci ɗaya, su kuma daɗe awanni ba su sake shi ba. Ga ƙaramin yaro, alewa ɗaya ta isa ta kwantar da shi.

Idan yaro ya ci wani abu sai ga barcin da ba a saba gani ba, ko tangaɗi, ko jan ido, ko amai, ko numfashi na ja baya, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti mafi kusa, Barau Dikko ne ko wani, a tafi da ragowar abin da ya ci, a kuma gaya wa likita gaskiya. Kunya ba ta da wuri a nan. Ga babba da abin ya taɓa masa tunani ko ya zame masa jiki, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa.

Masu yin zoɓo da kunun aya da kek na biki, ku ma ku kula. Idan wani ya kawo muku "sinadari" ya ce a zuba masa a nasa odar, ku ce a'a. Hannun da ya kwaɓa shi ne hannun da ya sarrafa a idon doka.

Mataki na bakwai: marar lafiya da matafiyi

Akwai iyayen da ɗansu ke fama da farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, suka karanta a intanet cewa CBD na taimakawa. Ba ƙarya suka karanta ba, amma wancan magani ne tacacce da likita ke rubutawa da awo, yana kuma bibiyar hanta da gwajin jini. Kwalbar da ake tallatawa a waya wani abu ne daban. A wani bincike da aka buga a mujallar likitocin Amurka ta JAMA a 2017, an sayo kayan CBD guda 84 ta intanet aka gwada. Kusan kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta, kuma an samu THC a guda 18. Ga shi CBD yana karo da wasu magungunan farfaɗiya da na tsinka jini. Saboda haka hanyar ita ce ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, ko a nan cikin gari, kuma kada a dakatar da maganin asibiti don an samu na kwalba. Mai ciki da mai shayarwa su nisance shi gaba ɗaya.

Wannan ɗan THC da ke ɓuya a ciki yana iya fitowa a gwajin fitsari, irin wanda wasu ma'aikatu da makarantu ke nema yanzu. Ka je ka yi wa mai ɗaukar aiki bayanin cewa don ciwon gwiwa ka sha.

Matafiyi kuma, musamman mai niyyar Umara ko Hajji ko Dubai, ya zazzage jakarsa da kansa kafin ya tashi, har aljihun gefe da jakar magunguna. Saudiyya ba ta wasa da batun ƙwaya. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba, ko na wane ne, a tafiya da dawowa. Wanda ya kawo wa Hajiya kwalinta bai ma san abin da ya ɗauko ba, ya ratsa filin jirgi da shi yana zaton bitamin ne.

Kwalin dai bai kwana a shagon ba. Washegari ta tafi da shi wurin lauyan da ɗanta ya samo. Da ƙanen nata ya bugo yana tambayar ko kaya sun karɓu, na ji tana ce masa, "Auta, in ka tashi aike na gaba, turare da jaka nake so, su na san kansu."